Rubuta wa Kwamfuta Ƙa'ida, Ta Nemo Amsa

Hanya biyu ake bi wajen sa na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, aiki. Ta farko ita ce a jera mata umarni daki-daki: yi kaza, sa'an nan ki yi kaza. Ta biyu kuwa ita ce a rubuta mata abin da aka sani game da al'amarin da ƙa'idodinsa, a bar ta ta nemo abin da ya dace da su. A kan wannan tafarki na biyu ne Alain Colmerauer da abokan aikinsa suka ƙago harshen kwamfuta mai suna Prolog a ƙasar Faransa cikin 1972.

Bari mu ɗauki misali daga karkarar Kontagora. A ce mutanen wani ƙauye sun tara kuɗi za su sa wa rijiyar burtsatse famfo mai aiki da hasken rana. Ga famfuna iri-iri a kasuwa, ga faifan sola, ga tankuna manya da ƙanana. Wanne zai zauna da wanne? To, sai a rubuta ƙa'idodi. Lalle famfo ya iya ɗaga ruwa daga zurfin rijiyar har bakin tanki. Wutar da faifan ke bayarwa kada ta gaza wadda famfo ke ci. Kuɗin kayan kada ya wuce abin da ke asusu. Har wa yau, kada famfo ya ja ruwa fiye da yadda rijiyar ke kawowa, kuma wannan ce aka fi mantawa, alhali famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi. Kwamfuta za ta gwada haɗi bayan haɗi, ta zubar da duk wanda ya karya ƙa'ida. In farashin tanki ya tashi gobe, layi ɗaya za a gyara, sauran aikin yana nan. Makamancin wannan ne John McDermott ya tsara wa kamfanin Digital Equipment na Amurka tun daga 1978, domin zaɓen sassan kwamfutocin da masu saye suka nema.

Amma tanki ba ya zama yadda aka bar shi. Rana ta ɗaga ya cika, mata da makiyaya su ɗiba ya ragu. Shi ma ƙa'ida ɗaya ce: ruwan da ke ciki yanzu shi ne na ɗazu, a ƙara wanda ya shiga, a ɗebe wanda ya fita. In kwamfuta ta maimaita lissafin nan sa'a bayan sa'a, za ta nuna ko tankin zai kai magariba a watan Maris, tun ba a sayo shi ba.

Da wannan ƙa'ida ake lissafin tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968. Sau biyu kogin Kwara ke cika a wurin. Farin ruwa na zuwa da damina daga ƙasashen kusa. Baƙin ruwa kuwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya daɗe cikin fadamun Mali, sai da hunturu yake isowa. Abin da ke fita shi ne na injinan lantarki, da na ƙofofin sakin ruwa, da wanda rana ke shanyewa. Ƙasa da Kainji akwai madatsar Jebba, kuma tsakaninsu ne kogin Kontagora ke zuba ruwansa. Saboda haka a riƙe ruwa da yawa, a tilasta sakinsa gaba ɗaya kan gonakin mutane. A saki da wuri, lantarki ya ragu da rani. Gwada kowane zaɓi cikin kwamfuta ya fi sauƙi a kan gwada shi a kan shinkafar manomi.

Sai dai kwamfuta ba ta taɓa leƙa rijiya ba. In an rubuta mata zurfin mita 40 alhali mita 60 ne, famfon mita 40 za ta zaɓa. Don haka duk al'ummar da aka haƙa wa burtsatse ta karɓi takardar zurfinsa da yawan ruwan da yake bayarwa daga hannun mai haƙa, ta ajiye wurin mai gari. Sandunan awon ruwa da ke bakin koguna da ma'aunin ruwan sama kuma, a ja kunnen yara kada su taɓa su.