Ɗan'uwa Baƙo a Ingila, Kada Ka Wuce Zauren Cocin Unguwarku

Coci-coci da yawa a Ingila suna da zaure a gefen ɗakin ibada, kuma a ranakun mako zauren nan na mutanen unguwa ne baki ɗaya. Nan ake raba kayan abinci, nan ake koyar da Turanci kyauta, nan mata ke kawo ƙananan yara su yi wasa, su ma su sami abokan hira. Ba a tambayar addinin kowa a bakin ƙofa. Na faɗi haka ne domin yawancinmu Musulmi ne, kuma kunya kan sa magidanci ya kwana da yunwa shi da iyalinsa, alhali abinci na nan bayan layinsu.

Fara da rumbun abinci. Ƙungiyar Trussell ta buɗe nata na farko a Salisbury a shekarar 2000, yanzu kuwa rassanta sun bazu a ƙasar, da yawansu a cikin coci. Sai dai ba a zuwa hannu rabbana: ana bukatar takardar turawa daga Citizens Advice, ko likitan unguwa, ko makarantar yaranka. Za a ba ka abincin kwana 3 aƙalla. Ka gaya musu tun farko ba ka cin alade, sun saba jin haka.

Ga abin da ke tsorata ɗalibai da masu bizar aiki. An rubuta musu cewa ba su da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati, sai su ɗauka ko gwangwanin wake suka karɓa bizarsu ta lalace. Ba haka ba ne. Abin da coci ko ƙungiyar agaji ta ba ka sadakar jama'a ce, ba ya cikin tallafin da aka hana ka.

Wanda aka ƙi ba shi mafaka ya rasa makwanci, shi ma akwai masu duba shi. A Manchesta ƙungiyar Kiristoci ta Boaz Trust tana sama wa irin waɗannan masauki tun 2004. A 2016 kuma Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya sauki iyalin 'yan gudun hijirar Siriya a harabar fadarsa ta Lambeth da ke Landan.

Amma ka san iyakar abin. Fasto ba lauya ba ne. Dokar ƙasar ta hana ba da shawara kan takardun zama sai ga lauya ko wanda ke da rajista da hukumar Immigration Advice Authority. Cocin kirki zai tura ka wurin irin waɗannan. Duk wanda ya nemi kuɗinka da sunan zai gyara maka biza, ko da rigar addini ya zo, ka guje shi.

Idan an gayyace ka sujadar Lahadi kuma ba ka so, ka yi godiya ka ce a'a, taimakon ba zai tsaya ba. Ɗan'uwa Kirista kuwa ya gabatar da kansa ga fasto tun makon farko.

Da zarar ka zauna da gindinka, ka koma ka taya su jera kaya ko dafa shayi. Turancinka zai gyaru, kuma za ka sami wanda zai yi maka shaida ranar neman aiki. A wannan makon, 'yar'uwa da ɗan'uwa, ku tsaya ku karanta allon sanarwar cocin da ke kusa da ku, ranaku da lokutan duk a rubuce suke.