Abin da na ciro daga ƙarƙashin kwanon wani shago

A tsakiyar bazarar da ta wuce aka kira ni wani shago a nan Dogo-Dogo. Mai shagon ƙanƙara yake sayarwa da ruwan sanyi, firijinsa kuma da hasken rana yake aiki. Ya ce mini, "Malam, kwana uku ke nan ina jin ƙaurin roba, na duba ko'ina ban ga komai ba." Na hau tsani na leƙa ƙarƙashin kwano. Wani ɗan mahaɗin waya ne irin na turawa, ya narke ya dunƙule kamar alewar da aka manta a rana, azarar da ke jikinsa har ta fara baƙi.

Masu aikin lantarki duk Wago muke ce wa waɗannan 'yan mahaɗai, da sunan kamfanin Jamus da ya yi fice da su, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakin mata. Wanda na ciro ba nasu ba ne. Babu suna a jikinsa, babu lamba.

Ni dai ina son na gasken, kuma ina aiki da su. A cikin kowane rami akwai ɗan ƙarfe mai tsauri da ke danne waya a kan jan ƙarfe. Mahaɗin domino mai sukuru kuwa, in waya ta yi zafi ta huce sau da yawa, sukurun yakan saki. Wannan ƙarfen kuwa yana bin wayar yana ci gaba da matse ta. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ma a maganarsa: zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano yana narkar da ƙaron, salatif ya warware da kansa.

To amma iri biyu ne, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Na turawa zalla, mai lamba 2273, waya mai sanda ɗaya kawai yake karɓa, har zuwa mai kaurin 2.5, kuma iyakarsa amfiya 24. Mai 'yan hannuwa ruwan lemo, wato 221, shi ke karɓar waya mai gashi-gashi. Wanda aka fi samu a cikinsu yana ɗaukar waya har mai 4, da amfiya 32. Wanda ya yi aikin shagon ya murɗe waya mai gashi ya cusa a na turawa. Rabin gashin ya lanƙwashe a bakin rami, 'yan kaɗan ne suka shiga, kuma duk wutar ta cikinsu take bi.

Babban kuskuren ma ba wannan ba ne. Ya sa mahaɗin tsakanin batir da injin da ke juya wuta. Mutane suna ɗauka wutar batir mai bolt 12 ba ta da haɗari tunda ba ta fizgar mutum. Ba ta fizga, amma tana ƙona gida. Kaya mai cin wat 300 a kan bolt 220 bai kai amfiya ɗaya da rabi ba. Wannan kayan dai a ɓangaren batir amfiya 25 yake ja, ya riga ya haye iyakar mahaɗin gaske, balle jabu. Kuma haɗin da ya yi sako-sako ba ya tayar da abin katse wuta, domin wutar ba ta ƙaru ba, zafi ne kawai ke taruwa a wuri mai girman ƙwayar gyaɗa. Ko inda layin kamfanin lantarki NIGELEC ya kai, kamar Magarya da Damagaram, aikin kamfani a kan mita yake tsayawa, abin da ke cikin ɗaki na maigida ne. Mu da ke kan hasken rana ko mitar ma babu.

Sai maganar wayar kanta. Akwai wadda ake sayarwa da araha, bayanta ja, cikinta alminiyom. Kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye ta. Laushi gare ta, haƙorin mahaɗi yana cin ta har ta tsinke.

Yaran da ke koyon aiki a wurina sun haddace ƙa'idata. A kashe wuta tukuna. A fere milimita 11, ba a bar jan ƙarfe tsirara a waje. A tura har a hango bakin wayar ta cikin robar, sannan a ja kowace waya da hannu. Waya ɗaya a rami ɗaya. Duk haɗi a cikin akwati mai murfi, inda hannu zai kai, ba a binne shi cikin laka ko siminti. Murfin nan ba ado ba ne: na sha buɗe akwati na tarar zanzaro ya yi gini a ciki, ko ƙurar hunturu ta cika shi ta sha danshin damina.

A shagon na cire layin gaba ɗaya, na sa waya mai kauri da kawuna masu noti, da fis kusa da batir. 'Yan mahaɗan na bar su a layin fitilu da fanka, inda suka dace. Mai shagon ya karɓi narkakken ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Ashe wannan ɗan abin ne." Ya jefa shi cikin gwangwanin canji, wai zai nuna wa ƙaninsa mai shagon cajin waya.