Agogo Mai Rediyo: Yadda Za Ka Saita Shi Ya Tashe Ka Ranar Jarrabawa

'Yan'uwa ɗalibai, jarrabawar ƙarfe takwas ba ta jiran kowa. Wanda ya kwana yana karatu har ƙarfe biyu na dare, idan barci ya sace shi ya farka tara saura, to kwas ɗin nan sai baɗi. Yawancinmu waya muka dogara da ita ta tashe mu, amma kowa ya san halin waya a hostal: ko caji ya ƙare cikin dare, ko ta kwana wajen mai caji, ko kuma ita ce ma ta hana ka barcin. Shi ya sa wasu ke sayen agogo mai rediyo, irin wanda lambobinsa ke haske ja ko kore, galibi na hannu daga kasuwa.

Na'ura ce mai amfani, amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe tun daga farko. An ƙera yawancin waɗannan agogunan ne don ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, wasu ma don wutar da ta bambanta da tamu. Saboda haka saita shi a nan ya wuce danna madanni biyu. Sai ka san irin wutar da yake ci, ka san inda yake samo ƙirgen lokacinsa, sannan ka gwada shi kafin ka ba shi amanar barcinka.

Kafin ka jona: karanta rubutun bayansa

Juya agogon, ka nemo ɗan rubutun da ke bayansa ko a ƙarƙashinsa. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana kai-da-komo sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50Hz. Idan ka ga an rubuta 220-240V 50Hz, irin na Ingila da sauran ƙasashen Turai ne, ya dace da wutarmu. Idan ka ga 100-240V 50/60Hz, wannan ya fi kowanne, don ko'ina aka kai shi zai yi aiki.

Amma idan 120V 60Hz ka gani, na Amurka ne, kada ka kuskura ka jona shi kai tsaye. Filoginsa mai ƙafa biyu ne masu faɗi, kuma da yawa sukan sayi ɗan kan nan da ke sa filogi ya shiga soket ɗinmu mai ƙafa uku, su ɗauka magana ta ƙare. Wannan kan ba ya rage wuta ko kaɗan, siffar filogi kawai yake canzawa. Bolt 230 a cikin taransifomar da aka naɗe don 120, ai sai dai ka ji ƙauri. Abin da yake bukata shi ne taransifomar rage wuta. Na Japan ma haka ne, nasu bolt 100 ne.

Daga ina yake ƙirga lokaci?

Agogunan nan iri biyu ne. Na farko yana da ɗan dutsen kwaz a cikinsa, irin na agogon hannu, wanda ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Shi ba ruwansa da halin wuta, in dai ta iso shi ke nan. Na biyu, wanda ya fi yawa a cikin tsofaffin da ake kawowa, bugun wutar soket yake ƙirgawa. Duk lokacin da ya ƙirga 50, ko 60 idan na Amurka ne, sai ya ce daƙiƙa ɗaya ta cika.

To ga inda gizo ke saƙar. Taransifomar rage wuta bolt take ragewa, ba ta taɓa yawan bugun wutar. Agogon da ke jiran bugu 60 amma yake samun 50 zai riƙa tafiyar kashi biyar cikin shida na lokaci. Ma'ana, duk awa ɗaya zai ci bashin minti goma, a kwana ɗaya awa huɗu cur. Ka saita shi ƙarfe goma na dare ya tashe ka shida na safe, ba zai buga ba sai bakwai da minti talatin da shida. Wasu suna da ɗan makunni a ƙasa da aka rubuta wa 50/60, sai ka mai da shi 50. Waɗanda ba su da shi, da yawansu IC mai lamba LM8560 ce a ciki, tana da ƙafar da ake zaɓar 50 ko 60 da ita. Wannan aikin masu gyaran rediyo ne ko 'yan sashen lantarki, kuma sai an zare filogi tukuna.

Ko da na 50Hz ne, janareta na iya ruɗa shi. Injin da ke gudu a kan 51 ya ɗara da kashi biyu cikin ɗari, agogon zai riƙa yin gaba da daƙiƙa 72 a kowace awa. Idan kaya suka yi wa injin yawa ya faɗo 48, agogon zai yi baya da kusan minti biyu da rabi duk awa. Ita kanta wutar nefa ba kullum take tsayawa daram a kan 50 ba. Hatta Turai an taɓa ganin haka: daga tsakiyar Janairu zuwa Maris na 2018, saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo kan wutar lantarki ya sa bugun wuta ya ɗan sauka a layin da ya haɗa ƙasashen nahiyar, irin waɗannan agogunan suka yi baya da kusan minti shida.

Yaya za ka gane naka? Idan da caja yake aiki, wadda aka rubuta tana fitar da DC, misali DC 5V, to mai kwaz ne, domin DC ba ta da bugun da za a ƙirga. Idan kuwa wayarsa kai tsaye take shiga soket, ka daidaita shi da agogon wayarka, ka bar shi awa uku ko huɗu a kan janareta, sannan ka kwatanta. Idan ya kauce da mintuna, ka san da wa kake zaune.

Batirin ko-ta-kwana

A ƙarƙashin agogon akwai ɗan gidan batir. Wasu na cin batir mai murabba'i na bolt 9, wasu ƙananan AAA guda biyu, wasu kuma mai kama da kwabo, CR2032. Aikinsa ya riƙe lokaci da saitin ƙararrawa idan an ɗauke wuta. A mafi yawansu lambobin za su mutu, rediyon ba zai yi magana ba, sai wuta ta dawo. Idan babu batir ko ya mutu, wuta na dawowa za ka ga lambobi suna ƙyaftawa a kan 12:00 ko 0:00. Wannan ƙyaftawar sanarwa ce cewa lokacin da yake nunawa ba abin dogaro ba ne.

Gwaji biyu za ka yi. Na farko, ka saita lokaci, ka zare filogi na minti biyar, ka mayar, ka ga ko ya riƙe. Na biyu ya fi muhimmanci: ka sa ƙararrawa ta buga nan da minti biyu, ka zare filogi, ka saurara. Wasu za su yi ƙara da ƙarfin batir, wasu kuwa shiru kake ji. Idan naka daga cikin masu shirun ne, duk daren da babu wuta ba ka da mai tashinka. Ka kuma sani, masu ƙirga bugun wuta ba su iya riƙe lokaci daidai a kan batir, bayan ɗaukewar awa biyar ko shida za ka iya samun sun kauce da mintuna. Sannan an yi batirin ne don ɗaukewa ta ɗan lokaci, a irin tamu yana saurin ƙarewa, don haka ka maimaita gwajin a farkon kowane wata. Mai DC 5V kana iya jona shi da fawa-banki ya kwana, amma ka gwada da rana, saboda wasu fawa-bankin sukan kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai.

Saita lokaci

A tsofaffin, za ka danne madannin TIME ko CLOCK da yatsa ɗaya, kana danna HOUR da MIN da ɗayan. Lambobin gaba kawai suke yi, idan ka wuce sai ka zagayo. A sababbin, ka danne CLOCK ko SET na daƙiƙa biyu zuwa uku har lambar awa ta fara ƙyaftawa, ka gyara da madannan sama da ƙasa, ka sake dannawa ka koma kan minti.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne na safe da yamma. Agogon da ke ƙirga awa 12 yana da ɗan ɗigo mai haske a gefe. A wasu ɗigon na nufin PM, a wasu AM, sai ka karanta abin da aka rubuta kusa da shi. Ka tuna 12:00 AM sha biyun dare ne, 12:00 PM sha biyun rana. Idan naka na da zaɓin 24H, koma can ka huta: shida na safe 6:00, shida na yamma 18:00. Idan ka ga makunnin DST, ka kashe shi. Na ƙasashen da ke ƙara awa ɗaya lokacin zafi ne, mu a nan ba ma canza agogo. Waɗanda kuma aka ce suna saita kansu da kansu, sigina suke jira daga tashoshi a Amurka, Ingila ko Jamus, kada ka zauna jiranta a nan, ka saita da hannu.

Kama tasha

Siririyar wayar da ke reto a baya ita ce eriyar FM. Kada ka yanke ta, kada ka naɗe ta. Tsawon zangon FM wajen mita uku ne, kwatansa santimita 75, shi ya sa wayar ke bukatar a miƙe ta duka, zai fi kyau ta wajen taga. Eriyar AM a cikin akwatin take, sai dai ka riƙa juya agogon gaba ɗaya har muryar ta fito tas. Ka nisanta shi da cajar waya da ƙwan fitila mai arha, suna sa shi shuu.

FM daga 87.5 take zuwa 108. Na Amurka masu lambobi sukan yi tsallen 0.2, wato 99.3, 99.5, 99.7. Zai kama Freedom Radio ta Kano a 99.5, amma tashar da lambarta ta ƙare da 2, 4, 6, 8 ko sifili ba za ta zauna daidai ba. A AM, Amurka tsallen 10 take yi, mu da Turai 9. Shi ya sa 594 da aka san Rediyon Tarayya na Kaduna da ita ba za ta samu daidai a kansa ba, daga 590 sai 600. Idan akwai zaɓin 9k/10k, ka sa 9. Don adana tasha, ka kama ta, ka danne PRESET ko MEMORY, ka zaɓi lamba, ka sake dannawa.

Ƙararrawa, SNOOZE da SLEEP

Ana saita ƙararrawa kamar yadda ake saita lokaci, da madannin ALARM. Bayan nan ka zaɓi abin da zai tashe ka: BUZZ ƙara ce, RADIO tashar da ka bari. Ranakun lakca rediyo ya wadatar, ka tashi da labarai. Ranar jarrabawa kam ka sa BUZZ, domin wataƙila ka rage murya da dare ka manta, ko tashar ba ta buɗe ba a lokacin. Ka tabbata alamar ƙararrawa ta fito a fuskar agogon. Masu zaɓin ranaku suna nuna 1-5, 6-7 ko 1-7. Idan kana da gwaji ranar Asabar, 1-5 ba zai tashe ka ba.

Ka bambance kashewa iri biyu. Akwai madannin da ke tsayar da ƙarar ta yau, gobe ta sake bugawa, akwai kuma makunnin da ke soke ta gaba ɗaya. Mai magagin barci yakan taɓa na biyun, washegari ya ce agogo ya lalace. SNOOZE kuwa jinkiri ne, galibi na minti tara. Ka danna sau huɗu, minti 36 sun tafi. Maganinsa ka ajiye agogon inda sai ka sauko daga gado za ka kai gare shi. SLEEP shi ke kashe rediyo da kansa bayan ka yi barci, a tsofaffin minti 59, a sababbin kana zaɓar 90, 60 ko 30.

Zaman ɗaki ɗaya

Kada ka rufe shi da tsumma don haskensa ya dame ka, taransifomarsa na ɗumi, ka nemi madannin DIMMER. Kada ka jona shi a soket ɗaya da hita ko abin dafa ruwa. Idan za ka tafi hutu, ka zare filogi ka cire batir, don kada ya zubo ya cinye gidansa. Abokan ɗakinka ma suna da haƙƙi: wanda ba shi da lakca sai sha biyu bai kamata ƙararka ta yi ta bugawa a kansa kana banɗaki ba. Idan agogon mai ƙararrawa biyu ne, ku raba, kowa ya san tasa.

Daren jarrabawa

Kafin ka kwanta, ka kwatanta lokacinsa da na waya. Ka duba ɗigon safe da yamma a kan lokaci da kuma a kan ƙararrawa. Ka tabbata BUZZ ka zaɓa kuma alamar tana nan. Ka tuna abin da gwajin zare filogi ya nuna maka. Sannan ka sa na biyu, ko waya, ko abokin da kuke aji ɗaya ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Duk wannan bai fi minti biyu ba.

'Yan ND I na sashen lantarki, ga ɗan aiki: agogon 50Hz mai ƙirga bugun wuta ya kwana awa takwas a kan janaretan da ke gudu a 47.5Hz. An saita shi ƙarfe goma na dare daidai. Me zai nuna idan ainihin lokaci ya kai shida na safe? Ku yi lissafin, ku kwatanta da abokai. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.