Masara, Ruwan Zartsi da Tazarar Shuka

Masara abinci ce babba a arewacin Kamaru. A yankin Garwa ana shuka ta da damina, daga watan Mayu ko Yuni. Da rani kuwa sai an yi mata ban ruwa. Tun 1982, da aka gama madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, manoma suka ƙara samun ruwan noman rani. Waɗanda ke nesa da kogi suna ɗiba daga rijiya.

Amma ba kowane ruwa ne masara ke so ba. Ruwan wata rijiya yana da gishiri ko kanwa. Shi ne ake kira ruwan zartsi. In aka zuba shi a gona, rana takan shanye ruwan, ta bar gishirin. Kullum yana taruwa, har ƙasa ta yi fari-fari. Gishiri yana riƙe ruwa, ya hana saiwa sha. Sai masara ta ji ƙishirwa alhali ƙasa na da laima. Bakin ganyenta ya ƙone, ta tsumbure, goyonta ya fito ƙarami.

Cunkoso ma yana cutar masara. In shuka ta yi yawa a wuri ɗaya, sai ta yi ta rabon ruwa da taki da haske. Kara ya yi siriri, iska ta kayar da shi. In zartsi ya haɗu da cunkoso, wahalar ta zama biyu.

Manomi mai lura yakan ɗanɗana ruwa kafin ya ba gonarsa. Yakan haƙa magudana don ruwan sama ya wanke gishiri ya tafi da shi. Yakan bar santimita 80 tsakanin layi da layi, santimita 50 tsakanin rami da rami. Bayan mako biyu da tsirowa, ya cire raunana, ya bar biyu a kowane rami.

Kalmomi
masara: le maïs
zartsi: eau saumâtre
saiwa: la racine

Tambayoyi
1. Ina gishiri ke tsayawa in rana ta shanye ruwa?
2. Me ya sa masara ke jin ƙishirwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa?
3. Hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, tana ɗaukar rami 25,000. Masara nawa ke nan?

Aiki
A shuka masara cikin gwangwani biyu. Na farko a ba shi ruwan sha. Na biyu a sa cokalin gishiri a kowace lita. Bayan kwana 20 a auna tsawonsu.