Ranar Farko da Sabuwar Kwamfuta

Wani manomi ya sayar da waken da ya noma, ya haɗa da rago guda, ya saya wa 'yarsa kwamfuta, don ta sami shiga makarantar koyon jinya. Irin kwamfutar nan ce mai buɗewa kamar littafi, wadda a ke kira tafi-da-gidanka, waɗansu kuma su kan ce laftof.

Da ya biya kuɗi, sai yaron kanti ya ce, "Baba, kawo in shirya maka ita." Ya ce, "To, samari, Allah ya yi albarka." Yaro ya danna nan, ya danna can, ya shirya ta da imel ɗinsa na kansa. Ya gaya wa manomi lamba huɗu na buɗewa, suka rabu.

Yarinya ta yi wata shida tana zuba karatunta a ciki. Ran nan kwamfuta ta sami 'yar matsala, aka kai ta gyara. Da aka kunna, sai ta nemi babban mabuɗinta. Mabuɗin kuwa yana hannun yaron kanti, shi ko ya bar gari. Mai gyara ya ce, "Baba, sai dai a share kome a sake daga fari." Aikin wata shida ya tafi ke nan.

Ka ga dai kwamfutar ba ta lalace ba, ba a kuma sace ta ba. Tun ranar farko aka yi kuskuren. Saboda haka ga matakan da za ka bi, ɗaya bayan ɗaya. Yawancin kwamfutocin da ke kasuwanninmu suna aiki da wani tsari mai suna Windows, na kamfanin Microsoft, a kansa kuma za mu yi magana. Na kamfanin Apple shirinsu dabam ne.

1. Duba kaya tun a kanti

Ka buɗe kwali a gaban mai kanti. Ka tabbata akwai caja. Ka karɓi rasit da takardar garanti. Juya kwamfutar ka dubi cikinta, za ka ga wata doguwar lamba. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, su zama ɗaya. Ka rubuta ta a littafinka, gama ita ce shaidar kayanka, kamar tambarin da a ke yi wa sa.

Ka tambayi wace Windows ce a ciki. Windows 11 ta fito a shekarar 2021. Wadda ta gabace ta, watau Windows 10, kamfanin ya daina kula da ita yadda ya saba tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Sabuwar kwamfuta ya kamata ta zo da 11.

2. Wurin zama da wuta

Ka aza ta a kan tebur ko wani katako mai bai ɗaya. Tana da 'yan ƙofofi a ƙasa ko a gefe, inda ta ke fitar da zafi. In ka ɗora ta kan katifa ko matashi, ƙofofin za su toshe, zafi ya yi mata illa. Ka nisanta ta da rana, da ruwa, da kofin shayi.

Ka sa ta a caji kafin ka fara, ka kuma bar ta a haɗe. Shirin farko ya kan ci awa guda ko fiye, ba a so batir ya mutu a tsakiya. Ƙarfin wutar lantarki a ƙasarmu 230 ne. Karanta rubutun jikin caja. In ka ga 100-240V, to ta dace. In janareto ne, bari ya tashi ya daidaita tukuna, sa'an nan ka soka. In aka ɗauke wuta, ko hadari ya taso da tsawa, ka zare cajar daga bango.

3. Kunnawa

Nemi maɓalli mai alamar da'ira da ɗan sanda tsaye a samanta. Danna sau ɗaya, ka ɗauke hannu. In ta yi jinkiri kada ka yi ta dannawa. Sauri ya kan haifi nawa.

A gaban maɓallan haruffa akwai wani ɗan fili mai santsi. Ja yatsa a kansa, za ka ga wata 'yar kibiya tana yawo a allon kwamfuta. Kai kibiya kan abin da ka ke so, ka ɗan ƙwanƙwasa filin da yatsa. Haka a ke zaɓe.

4. Tambayoyin farko

Kwamfuta za ta yi maka tambayoyi da Turanci. In ba ka jin Turanci, samo wani amintacce ya zauna kusa da kai ya fassara. Amma shi karatu zai yi, kai ne mai amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Za ta tambayi ƙasarka. Sunayen ƙasashe suna jere bisa abacada. Ka lura, Nijar da Nijeriya suna dab da juna, kuma rubutunsu na Turanci ya yi kama. Ka duba da kyau kafin ka zaɓa.

Za ta kuma tambayi tsarin haruffan da za ka yi rubutu da su. Windows tana da tsarin Hausa, mai ɓ da ɗ da ƙ. Ka sa a ƙara maka shi, ko yanzu ko daga baya, don ka iya bambanta "kasa" da "ƙasa", da "bata" da "ɓata".

5. Intanet

Windows 11 ta kan nemi intanet kafin ta gama shiri. In kana da babbar waya, tana iya raba wa kwamfuta nata. Ka sayi data wadatacciya tun kafin ka zauna, gama ranar farko kwamfuta ta kan sha giga da dama. In sabis ba shi da ƙarfi a ƙauyenku, ka bari sai ran kasuwa ka yi wannan aiki a gari.

6. Mabuɗi

Wannan shi ne matakin da ya fi duka. A nan manomi ya yi asara.

Kwamfuta za ta ce ka shiga da asusun Microsoft. Ba asusun kuɗi ba ne, rajista ce da sunanka. Ka buɗe shi da imel ɗinka, da lambar wayarka ta kanka. In na ɗanka ne kayan, a sa nasa. Kada a sa na mai kanti, kada a sa na maƙwabci, kome kirkinsa. Wa zai gina rumbu ya bar ɗan mabuɗin a hannun maƙeri?

Mabuɗai uku ne za ka samu.

Na ɗaya, kalmar sirri ta asusun. Kada ka sa sunanka, ko shekarar haihuwarka, ko lambar wayarka, gama su ɓarawo ya ke fara gwadawa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu waɗanda ba su da dangantaka da juna, ka ƙara lambobi. Tsawonta shi ne ƙarfinta.

Na biyu, gajeriyar lamba ta buɗewa kullum. Huɗu ita ce mafi ƙanƙanta, shida ta fi. Kada ka sa 1234.

Na uku, babban mabuɗi. Sababbin kwamfutoci da yawa su kan kulle abin da ke cikinsu, don ko an sace kada ɓarawo ya karanta. Mabuɗin wannan kulle lambobi ne guda 48, kuma a cikin asusun nan na Microsoft a ke ajiye shi. Ba kullum kwamfuta ke nemansa ba, sai bayan gyara ko wata matsala. Shi ne wanda ya tafi da yaron kanti. Ka sa mai taimakonka ya nuna maka naka, ka kwafe shi a hankali, ka sake karantawa sau biyu.

Duka ukun ka rubuta su da hannunka, ka sa a akwatin da ka ke ajiye takardun gona. Kada ka manna su jikin kwamfutar. In wani ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka gaya masa kalmar sirrinka, ka kashe wayar. Kamfani ba ya tambayar haka.

7. Sabuntawa

Bayan wannan kwamfuta za ta ɗauko gyare-gyare daga intanet, don ta toshe kafofin da ɓarayi ke bi. Za ta mutu ta tashi da kanta, watakila sau biyu ko uku. Kada ka tsorata, kada kuma ka kashe ta. Ka bar ta har ta gama.

Windows ta zo da mai gadinta a ciki, sunansa Defender, yana tsare ta daga cututtukan kwamfuta. Kada ka yarda wani ya kashe shi don ya zuba maka kayan aiki na sata. Sau da yawa ta nan cuta ke shiga. In ta gama, dubi agogonta a kusurwar ƙasa ta dama, ka ga ya yi daidai da na wayarka.

8. Ajiya ta biyu

Manomi mai hankali ya kan ware iri ya ɓoye dabam, ko da gobara ta ci rumbu. Haka za ka yi. Ka sayi ɗan filashi, watau ƙaramin ma'aji kamar yatsa wanda a ke sokawa a gefen kwamfuta. Kowace Jumma'a ka kwafe muhimman takardunka a ciki, ka zare shi ka ajiye a wani wuri.

In ka gama aiki, ka kashe ta ta hanyar da mai taimakonka zai nuna maka a allo. Ka rufe ta, ka sa a jaka, musamman lokacin hunturu da ƙura ta ke yawa.

Manomin nan fa, da aka share kwamfutar, sai 'yarsa ta zauna ta shirya ta da sunanta. Ta ce, "Baba, kawo littafinka." Tana faɗa yana rubutawa, har lambobi 48 suka cika. Ya karanta mata su, ta ce daidai ne. Ya naɗe littafin ya sa a akwati.

Tambayoyi

1. Mene ne kuskuren da manomi ya yi a kanti?
2. Don me ba a ɗora kwamfuta kan katifa?
3. Mabuɗai nawa ne, ina kuma a ke ajiye su?
4. Me za ka yi in wani ya bugo waya yana neman kalmar sirrinka?

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku: kwamfuta, caja, maɓalli, mabuɗi, ajiya. Sa'an nan malami ya rubuta lambobi 12 a allo, kowa ya kwafe, ya ba na kusa da shi ya duba.