Aikin Ido Kyauta: In An Ce Naka Ba Na Aiki Ba Ne

Duk garin da aka yi shelar aikin ido kyauta, tun da asuba layi yake kamawa: tsofaffi riƙe da sanda, jikoki na yi musu ja-gora. Kowa da magana ɗaya a baki, wai idon ya daina gani. Amma da an haska fitila, sai a tarar ciwon kowa daban.

Mafi yawa yanar ido ce. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta. Mai yana shi ne mai sa'a a layin nan. A yi wa ido allurar kashe zafi, a cire abin da ya yi fari, a sa na roba a gurbinsa, washegari a ɓare filasta ya ga fuskar jikansa. Abin da ya rage kula ne: ɗiga magani a kan lokaci, nisantar ƙura da hayaƙin murhu, a daina murza ido, a kuma tambayi likita yaushe za a koma yin sujada. Sai dai a guji masu yawo kasuwa-kasuwa suna kwantar da yana da tsinke. Tura ta kawai suke yi can cikin ido. Haske kan dawo na ɗan lokaci, daga baya kumburi da ciwo su cinye idon, har likita ya rasa abin gyarawa.

Wasu kuwa tabarau kaɗai suke buƙata, musamman wanda ya haura arba'in ya fara miƙar da hannu nesa kafin ya karanta takarda, ko zare ya ƙi shiga allura. Akwai masu amodari, waɗanda gashin ido ya lanƙwashe yana gogar ƙwayar ido. Tsige shi da hantsaki ba ya raba su da shi, sai an yi ƙaramin aiki a fatar ido.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne dattijon da aka ce masa, “Baba, naka ba na aiki ba ne, ga takarda ka je asibiti.” Sai ya tafi da fushi, yana ganin an yi son kai. Sau da yawa hawan jinin ido ne, wato gilakoma, wadda binciken nan ya sa ta ta biyu da kusan kashi 17. Ruwan cikin ido ne ke taruwa ya danne jijiyar gani. Ba zafi, ba ja. Daga gefe take fara ci, mutum ya riƙa tuntuɓe yana karo da bakin ƙofa, alhali abin da ke gabansa yana ganinsa sarai. Abin da ta cinye ya tafi ke nan. Magani ko tiyata sauran ganin suke tsarewa, kuma ɗigon maganin na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi. Tawagar da ta zo ta kwana uku ta tafi ba za ta iya bibiyar wannan ba, shi ya sa ake turawa wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Tana bin jini, don haka 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita su je a auna su, tun ba waɗanda suka kai arba'in ba.

Iyaye mata, yaron da ke yawan susar ido kada a sayo masa maganin ɗigawa a kemis ba da sanin likita ba. Wasunsu suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe a kansu suna haddasa wannan hawan jinin idon. Nono, ruwan sukari, fitsari, duk ba su da gurbi a ido.

In an ba ka takardar zuwa asibiti, kada ka cusa ta ƙarƙashin katifa kana jiran tawagar baɗi. Ka je cikin makon nan.