Darasin Kiwon Lafiya: Hana Ciwo Zama Bayan Aikin Ƙirji

Aikin ƙirji babban aiki ne. Likita yakan buɗe ƙirjin mutum don ya gyara huhu ko zuciya. Wani lokaci mugunya ce ta taru a gefen huhu, dole a fitar da ita. Wani lokaci tarin fuka ne ya lalata wani sashe na huhu. Akwai waɗanda haɗarin mota ko sukar wuƙa ko ƙahon sa ya kai su ɗakin tiyata. Akwai kuma matan da ake cire wa nono saboda ciwon daji. A Nijeriya an fara aikin buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a shekarar 1974. Yanzu ana aikin ƙirji a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Kowa ya san akwai zafi bayan aiki. Zafin yakan ragu sannu a hankali yayin da miki yake warkewa. Amma wasu mutane mikinsu yakan warke sarai, a cire zare, tabo ya bushe, ciwo kuma ya ƙi tafiya. Idan ya wuce wata 3 bayan aiki, likitoci suna kiransa ciwon da ya zauna. Cikin waɗanda aka buɗe wa ƙirji ta tsakanin haƙarƙari, kusan rabi suna jin wani abu na wannan ciwo bayan wata 6. Ga mafi yawansu ciwon ba mai tsanani ba ne. Ga wasu kuwa yakan hana barci, ya hana riƙe fartanya, ya hana mace daka ko goyo. Manomin da ba ya iya ɗaga hannu a watan shuka ya san abin da wannan yake nufi ga rumbunsa.

Me Ya Sa Ciwon Yake Zama?

Mutum yana da haƙarƙari 24, wato 12 a dama, 12 a hagu. A ƙarƙashin kowane ɗaya akwai wata siririyar jijiya. Aikinta shi ne kai saƙo daga fata da nama zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Idan likita zai kai ga huhu, yakan sa wani ƙarfe ya buɗa haƙarƙari biyu. Ƙarfen yakan danne jijiyar, ko ya ja ta. Ba sakacin likita ba ne, hanyar shiga ce ta zo a haka.

Jijiyar da ta ji rauni takan riƙa aika saƙon ƙarya. Tana cewa akwai wuta alhali babu wuta. Shi ya sa masu wannan ciwo suke cewa suna jin ƙuna, ko suka kamar ta allura, ko tsirawa kamar walƙiya. Wani ko riga ce ta taɓa tabon sai ya zabura. Wani kuma wurin ya mutu, ba ya jin taɓawa, amma yana jin zafi a ciki.

Akwai dalili na biyu. Ƙafar da ta karye ana iya ɗaure ta ta huta. Ƙirji ba ya hutawa. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, dare da rana. Kowane numfashi yana motsa mikin.

Dalili na uku shi ne mafi muhimmanci a wannan darasi. A dubi gona mai gangara. Ruwan farko yakan yanka ɗan siririn layi a ƙasa. Idan manomi ya tare shi da duwatsu da wuri, shi ke nan. Idan ya bar shi, kowane ruwa zai bi nan, har layin ya zama kwazazzabo. Haka saƙon zafi yake. Idan aka bar shi yana bin jijiya da ƙarfi kwana da kwanaki, laka da ƙwaƙwalwa sukan saba da shi. Daga baya ɗan abu kaɗan sai ya tayar da babban ciwo. Likitoci sun lura cewa wanda ya sha zafi mai tsanani a kwanakin farko ya fi shiga haɗarin ciwon da ya zauna. Haka ma matasa, da mata, da wanda yake da wani ciwo tun kafin aiki, da wanda tsoro ya cika masa zuciya.

Allurar Kashe Wuri

Maganin da ya fi nuna amfani wajen rigakafi shi ne wanda yake tare saƙon tun daga tushe. Irin allurar nan ce da ake yi wa mutum kafin a cire masa haƙori, wuri ya mutu na ɗan lokaci. Biyu daga cikin magungunan su ne lidoken da bufibaken.

A aikin ƙirji ana ba da su ta hanyoyi dabam-dabam. Likitan da ke sa barci yana iya zura wata siririyar roba a gadon baya, kusa da inda jijiyoyi suke fitowa daga laka. Magani ya riƙa ɗiga ta ciki har kwana 2 ko 3. Sunan wannan hanya efidural. Yana kuma iya yin allurar a gefen ƙashin baya, a ɓangaren da za a yanka kaɗai. Likitan fiɗa ma yana iya sa maganin a jikin jijiyoyin haƙarƙari kafin ya ɗinke.

A shekarar 2018 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa. Ta ga cewa idan aka yi wa mutum 7 efidural a aikin buɗe ƙirji, kamar mutum 1 zai tsira daga ciwon da da zai zauna masa. Wani zai ce 1 cikin 7 ai kaɗan ne. To, ba kaɗan ba ne ga wanda ya tsira da iyalinsa. Ban da haka, sauran ma sun sami sauƙi a kwanakin da zafi ya fi tsanani. Amma lissafin ya nuna gaskiya guda: babu maganin da yake hana ciwon nan ga kowa da kowa.

Mutane da yawa suna gudun allurar baya. Ana cewa tana shanye ƙafa. Babbar illa irin wannan ba kasafai take faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne saukar bugun jini, ko ƙaiƙayi, ko wahalar fitsari na ɗan lokaci, kuma nas tana lura da su. Sai dai wanda yake shan maganin tsinka jini dole ya gaya wa likita tun kafin ranar aiki. Haka ma mai shan jiƙo ko gari na gargajiya. Ɓoye wa likita irin wannan yana iya jawo zubar jini.

Ƙwayoyin Sha

Likita ba ya dogara da magani ɗaya. Yakan haɗa biyu ko uku, kowane yana tare zafi ta ƙofarsa. Ta haka ba sai an ba da mai ƙarfi da yawa ba.

Na farko shi ne farasitamol. Mutane sun raina shi don yana da araha, amma yana aiki idan an sha shi a kan lokaci. Ƙwaya ɗaya yawanci miligiram 500 ce. Baligi kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya, wato biyu-biyu sau 4. Wuce haka yana lalata hanta. A lura, Panadol ma farasitamol ne, kuma akwai shi a cikin magungunan mura da yawa. Wanda ya sha wannan ya ƙara da wancan ya ninka ba tare da ya sani ba.

Na biyu su ne ibufurofen da dikulofenak. Suna rage kumburi. Ana shan su bayan an ci abinci. Ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, kuma wanda aka yi wa aikin zuciya kada ya taɓa su sai da izinin likitansa.

Na uku su ne masu ƙarfi, irin su mofin da taramol da kodin. Suna da amfani a kwanakin farko, a hannun ma'aikatan asibiti. Amma ba sa hana ciwo zama, kuma jiki yakan saba da su. Nan ne tarko yake. Mutum ya koma gida da ciwo, asibiti ya yi nisa, sai ya aika yaro wajen mai tallar magani a kasuwa. Yau ƙwaya ɗaya, bayan wata guda uku ba sa isa. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Taramol mai lamba 200 ko 225 da ake sayarwa a ɓoye ya wuce ƙarfin da hukumar NAFDAC ta amince da shi.

Akwai kuma magungunan ciwon jijiya, wato gabafentin da firegabalin da amitiriftilin. Suna taimaka wa wasu idan ciwo mai ƙuna ya riga ya zauna. An gwada ba da gabafentin da firegabalin tun kafin aiki don rigakafi, amma sakamakon bai gamsar ba. Suna sa jiri da barci. Mai shan su ya yi hankali da hawa babur da zuwa bakin rijiya. Ba a daina su rana ɗaya, likita ne yake rage su kaɗan-kaɗan.

Dauriya Ba Ta Da Amfani A Nan

An san mutanen karkara da dauriya. Namiji ba ya son a ce masa rago. Mace ma takan danne ciwo don kunya. Nas ta tambaya, sai a ce "da sauƙi", alhali gumi yana karyowa. Wannan hali yana da kyau a wurare da yawa, amma a gadon asibiti cuta ne. Wanda ƙirji yake yi wa zafi ba ya jan numfashi sosai, kuma yana tsoron tari. Kaki ya taru a huhu, zazzaɓi ya biyo baya, kwanakin jinya su ƙaru, kuɗi ma su ƙaru.

A asibiti akan ce wa maras lafiya ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Sifiri babu zafi, 10 kuwa zafin da ba a taɓa jin irinsa ba. Ya faɗi lambar gaskiya. Ya faɗi ta lokacin da yake kwance, ya kuma faɗi ta lokacin da ya yi tari, don ba ɗaya ba ne. Idan zai yi tari ya rungume matashi a kan mikin.

Magani kuma a sha shi a kan lokaci, kada a jira sai zafi ya taso. Wanda ba shi da agogo yana iya bin lokutan salla: asuba, azahar, magariba, sai lokacin kwanciya can cikin dare. La'asar da magariba da lisha sun yi kusa da juna, kada a sha a kowace. Mai jinya da ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci yana iya jan layi a takarda, ya sa alama duk lokacin da aka sha. Idan azumi ya zo a cikin jinya, a tambayi likita da malami. Addini ya yi wa maras lafiya rangwame.

Bayan An Koma Gida

A riƙa ɗan tattaki kullum. A riƙa motsa kafaɗar ɓangaren da aka yanka kamar yadda aka nuna a asibiti, don kada ta sandare. Kaya mai nauyi da huɗa da faskare sai likita ya ba da izini. Kada a kai tabon wajen wanzami don ƙaho ko tsaga ko sakiya. Babu mataccen jini a wurin, jijiya ce ta ji rauni, kuma sabon yanka ƙara mata rauni zai yi.

Idan zazzaɓi ya zo, ko miki ya fara ruwa, ko numfashi ya yi wuya, ko aka ga jini a kaki, a koma asibiti a ranar. Idan kuwa ciwon ƙuna ne ya kai wata 2 bai ragu ba, kada a jira ya kai shekara. A tafi da katin asibiti da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da waɗanda aka saya a kyamis, likita ya gani da idonsa.